Sayen gida a Agadas: a auna kafin a biya

Mutanen ƙauye da yawa suna son su mallaki gida a Agadas. Mai lambu na Tabelot ko na Timiya, in ya sayar da albasa ko lemu, yana son masauki nasa a birni. Makiyayi yana son inda yaransa za su zauna su yi lakwal. Wanda ya dawo daga haƙar zinariya da ɗan abin hannu, shi ma gida yake nema. Tun daga 2014, shekarar da aka sami zinariya a Jado da Cibarakaten, masu neman gida sun ƙaru ƙwarai.

Garin kuma ya girma. A ƙidayar 1977 mutanen Agadas wajen 20,000 ne. A 1988 sun kai wajen 50,000. A ƙidayar 2012 sun haura 110,000. Duk waɗannan mutane wurin kwana suke so. Shi ya sa fili ya yi tsada, dillalai suka yi yawa, rikici ma ya yi yawa.

Abu biyu ne suka fi cutar baƙo mai sayen gida. Na ɗaya, ya biya kuɗi, daga baya ya gane gidan da aka nuna masa ba shi ne yake cikin takarda ba. Na biyu, ya saya da niyyar ƙara gini, daga baya a ce masa doka ta hana. Dukansu biyu ana iya sanin su tun kuɗi suna aljihu. In kuɗi sun fita, sai shari'a. Shari'ar gida kuwa takan cinye lokacin aikin lambu da kuɗin mota.

A ɗauki misalin wani mai lambu na Tabelot. Ya yi shekara huɗu yana tara kuɗin albasa. Yana son gida mai ɗaki uku, da wurin da zai ƙara ɗaki biyu da ɗakin ajiyar buhuna. Ya sauko Agadas, ya sami dillali. Dillali ya nuna masa gida biyu.

Gida na farko: sabuwar unguwa

Gidan farko yana cikin wata sabuwar unguwa, irin wadda hukuma ta yanka filaye ta raba. A irin wannan unguwa tituna miƙaƙƙu ne. Kowane rukunin gidaje da tituna suka kewaye yana da lamba. Ana ce masa ilo. Kowane fili cikin ilo yana da harafi, kamar A ko B ko C. Ana ce masa parsel. A kusurwoyin fili akan kafa turakun siminti. Su ne ake kira borni. Borni shi ne iyaka. Katanga tana iya yin ƙarya, don mutum ne ya gina ta inda ya ga dama.

Gidan ya burge mai lambu. Tsakar gida mai faɗi. A bakin titi ga zaure babba da ɗan shago.

Dillali ya ce: "Alhaji, ka ga shagon nan? Kuɗin hayarsa kaɗai ya ishe ka biyan ruwa da lantarki. Akwai wani mai so, gobe zai kawo kuɗi. In kana so, ka ba da kafin alƙalami yau."

Mai lambu ya ce: "Malam, a nuna mini takarda tukuna."

Ya yi shekara biyu a cibiyar yaƙi da jahilci, ya iya karanta lambobi. Takarda ta ce filin mita 20 ne a tsawo, mita 20 a faɗi. Ya ari igiyar awo a wurin wani magini. Ya auna faɗi, ya sami mita 20. Ya auna tsawo, ya sami mita 23.

Ga lissafin:

A takarda: 20 x 20 = murabba'in mita 400.
A ƙasa: 20 x 23 = murabba'in mita 460.
Bambanci: 460 − 400 = murabba'in mita 60.

Dillali ya yi dariya, ya ce: "To, ka ga riba ke nan. Ka sami gyara."

Mai lambu bai yarda da wannan gyara ba. A kasuwar albasa ma, in buhu ya fi nauyin da aka saba, akan zazzage a duba ko akwai dutse a ƙasa. Ya nemo mai awon fili, wanda ake kira jiyometir. Mai awo ya zo da taswirar unguwa da kayan aikinsa. Ya nemi borni huɗu. Biyu na baya suna nan daidai da katanga. Biyu na gaba kuwa sai a cikin tsakar gida aka tono su, ƙasa ta rufe su. Ashe mai gidan ya ci mita 3 na titi. Zauren da shagon duka a kan hanyar jama'a suke.

Murabba'in mita 60 ba ƙaramin wuri ba ne. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 yana cin murabba'in mita 12. Ke nan wurin ɗaki biyar ne. Titi na kowa ne, ba a sayar da shi, kuma daɗewa a kansa ba ta mai da shi na mutum. Ranar da hukuma ta tashi gyaran titi ko shimfiɗa bututun ruwa, za a rushe abin da ya shiga hanya. Ba za a nemi wanda ya gina ba. Wanda yake cikin gidan a ranar, shi ne zai ga katangarsa a ƙasa.

Wani lokaci kuma akasin haka ake samu. Takarda ta ce 400, ƙasa ta ba da 340, don maƙwabci ya turo katangarsa tun mai fili yana nesa. Wannan ma rikici ne. Mai saye ya bar mai sayarwa ya gama da maƙwabcinsa tukuna. Kada ya sayi gida haɗe da faɗan da bai san farkonsa ba.

Kuɗin mai awo kaɗan ne in an gwada da kuɗin gida. Amma a nemi wanda hukuma ta san da shi, kuma mai saye ya kira shi da kansa. Wanda dillali ya kawo, da dillali zai tashi. A kira maƙwabta su tsaya lokacin awo. Abin da aka auna a gaban maƙwabci, da wuya ya musa shi gobe.

Takardu ba ɗaya ba ne

Baƙo yakan ce: "Gidan yana da takarda." Wace iri? Takardun fili suna da daraja hawa-hawa.

Akwai takardar ciniki da mutum biyu suka rubuta tsakaninsu, da shaidu. Tana nuna an ba da kuɗi. Ba ta nuna mai sayarwa shi ne mai gida.

Akwai takardar shaidar mallaka ta gargajiya. Wannan ta fi aiki a gonaki da lambuna da filayen bakin gari da ba a yanka ba tukuna. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce ta kawo kwamitocin ƙasa na ƙauye, da na kwamin, da na departama, masu ba da shaidar gona da lambu. Mutanen ƙauye sun san su. Amma wanda ya sayi irin wannan fili a bakin Agadas ya sani: ranar da yankan filaye ya iso wurin, za a fitar da tituna da wurin lakwal da wurin kasuwa. Iyakarsa ta jiya ba lalle ta zauna inda take ba.

Akwai takardar da ofishin magajin gari, wato meri, yake bayarwa a kan fili yankakke. Da Faransanci ana ce mata akt da sesiyon. A cikinta akwai sunan mai fili, da lambar ilo, da harafin parsel, da girman fili. Yawancin gidajen sababbin unguwanni ita suke da ita.

Sannan akwai babbar takarda, titir fonsiye. Ofishin rajistar filaye, wanda yake ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, shi yake ba da ita bayan an yi awo an kafa borni. Ita ce ta fi ƙarfi a gaban shari'a, ita banki ya fi yarda da ita. A 2006 gomnatin Nijar ta fito da hanya mai sauƙi ta samun ta, aka ba ta sunan Hausa, Sheda.

Takarda a hannun mai sayarwa ba ta isa ba. Akwai takardun jabu. Akwai fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu. Mai saye ya ɗauki lambar ilo da harafin parsel ya tafi meri, sashen filaye, ya roƙa a duba masa littafi. Sunan da yake cikin littafi, shi ne na mai sayarwa? In titir fonsiye ce, a tambaya a ofishin rajista ko ba a jinginar da gidan ga banki ba. Tun watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun kwamin, gomnati ta naɗa masu riƙon kwamin a madadin magadan gari. Amma ofis yana nan, littafin filaye yana nan.

Mai lambu ya bar gidan farko. Ya ce in mai shi ya rushe shagon ya mai da katanga kan borni, kuma ya rage kuɗi, a sake magana. Mai gidan bai yarda ba.

Gida na biyu: tsohon gari

Gida na biyu yana cikin tsohon gari, ba nisa da babban masallaci. A nan babu miƙaƙƙun tituna. Lunguna ne masu lanƙwasa. An ce unguwannin sun bi sawun zangon kabilun Abzinawa da suka sauka a wurin tun ƙarni na 15, lokacin da sarautar Abzin ta zauna a Agadas. Unguwannin tsohon gari 11 ne. Cikinsu akwai Katanga, da Amarewat, da Amdit, da Obitara, da Akanfaya, da Unguwar Bayi.

A tsohon gari gidaje da yawa na gado ne. Wannan ma haka. Wanda ya fito ciniki babban ɗa ne. Mai lambu ya tambaye shi: "Malam, ku nawa ne magada?" Ya ce su bakwai ne, amma shi ne babba, maganarsa ita ce magana.

A nan mai saye ya yi hattara sosai. Gidan gado da ba a raba ba na magada duka ne, maza da mata. Babban ɗa ba ya iya sayar da rabon ƙanwarsa sai da yardarta. A mazhabar Malikiyya akwai kuma haƙƙin shuf'a: in ɗaya cikin masu tarayya ya sayar wa bare rabonsa, abokin tarayyarsa yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Abzinawa kuma suna da al'adar tsayar wa matan dangi dukiya, bisashe ko dabino ko gida, wadda ba a sayarwa. Akwai gidan da aka yi hubusi da shi. Irin wannan, ko an ba da shi da arha, a bar shi.

Hanyar da ta dace ita ce magada su zauna taron dangi, su yarda da sayarwa, su wakilta mutum ɗaya, a rubuta, a kai kotu ta tabbatar. Mai saye ya ga wannan takarda da idonsa. Ya je kuma ya gaida mai unguwa. Mai unguwa da dattawan lungu sun san gidan wane ne, da inda iyakarsa ta tsaya, da wanda yake da magana a kai. A tsohon gari fadar Sarkin Abzin tana da hannu a sasanta irin wannan al'amari har yau.

A kira magini

Mai awo ƙasa yake dubawa. Jikin gida kuwa aikin magini ne. Mai lambu ya nemo wani tsohon magini wanda ya san ginin ƙasa. Ya ce masa: "Baba, ka duba mini gidan nan kamar kai za ka kwana a ciki."

Tsoho ya fara da gindin katanga. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. In ruwan wanka ko na wanki yana kwanciya a gindin bango, laka takan jiƙe, gishiri ya fito fari-fari, bango ya zaizaye ya yi wuya kamar tulu. Ya duba inda ramin masai yake. Ramin da ya matsa wa bango, ko tsohon rami da aka cike aka yi ɗaki a kai, yana sa ƙasa ta zauna, bango ya tsage.

Tsaga ma iri-iri ce. Siririyar tsaga a fuskar yaɓe ba kome ba ce, yaɓe ne ya bushe. Amma tsagar da ta taso daga kusurwa, ko daga saman ƙofa, wadda yatsa yake shiga, kuma ana ganin ta ciki da waje, wannan bango ne yake rabuwa.

Bangon gaba an shafe shi da siminti, an yi masa fenti sabo. Dillali yana ta nuna shi. Tsoho ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa. Sai ƙara ta fito kamar ganga.

Ya ce: "Ɗana, ka ji? Simintin ya rabu da bango. Laka tana shan ruwa tana fitarwa. Siminti ba ya barin ta ta fitar. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, sai bango ya ruɓe a ɓoye. Waje gyare, ciki gari."

Daga nan ya shiga ɗakuna ya ɗaga kai. Ya soki azara ɗaya-ɗaya. Azara mai lafiya ba ta karɓar wuƙa. Wadda gara ta ci, wuƙa takan nutse, gari ya zubo. Ya sami huɗu a ɗakin tsakiya da gara ta gama da su. Ya hau rufi ya duba ko akwai kwari inda ruwa yake taruwa. Ya duba indararo: yana nan? Ya toshe? Ina yake zubar da ruwa, a lungu ko a kan bangon maƙwabci? Indararon da yake zuba a gidan wani, faɗa ne na kowace damina.

Akwai tambaya ɗaya da baƙo yake mantawa: bangon da yake tsakanin gida da gida, na wa ne? A tsohon gari gidaje manne suke da juna. Wani bangon na mutum biyu ne. Wani na maƙwabci ne shi kaɗai. Wanda ya ɗora azara a bangon da ba nasa ba, ya jawo wa kansa ƙara.

Maganar ruwa

Baƙo yakan ce Agadas hamada ce, ina ruwan gida da ruwa? Gaskiya ruwan sama kaɗan ne, yawancin shekaru ba ya kai milimita 200. Amma yakan zo gaba ɗaya, a watan Yuli da Agusta da Satumba. Kuma ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin, ƙoramar Telwa takan kawo shi har bakin gari. Mutanen lambu sun san halin ƙorama: yau yashi, gobe kogi.

A farkon Satumba 2009 ruwan Telwa ya fasa madatsa ya shiga Agadas. Dubban gidaje suka lalace. A daminar 2024 ruwa ya yi yawa a Nijar duka. Gidaje sun faɗi a tsohon garin Agadas. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba na shekarar.

Don haka mai saye ya tambayi tsofaffin unguwa, ba mai sayarwa ba: a 2009 ina ruwa ya tsaya? A 2024 fa? Ya duba ko tsakar gida ta fi titi zurfi. A tsohon gari wani lungun ya tashi da shekaru, gida ya koma rami. Gidan da aka gani da rani, ba a gama ganin sa ba. Wanda yake da hali ya dawo ya gan shi washegarin ruwa.

Ƙarin gini: ba a fara sai da izini

Mai lambu ya ce azara huɗu da yaɓe ba su fi ƙarfinsa ba. Sai ya faɗi niyyarsa. Zai ɗora bene da bulon siminti a kan ɗakin gaba. Zai rufe shi da kwano. Zai fasa bangon lungu ya sa babbar ƙofar ƙarfe, don a riƙa shigo da buhuna.

Tsohon magini ya girgiza kai. Ya ce: "Bangon ba zai ɗauka ba. Ko ya ɗauka, hukuma ba za ta bari ba."

Ga dalili. A watan Yuni 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. Wurin da aka sa ya kusa hekta 78, kuma an kewaye shi da wani yanki na kariya mai wajen hekta 98. Abin da aka girmama shi ne ginin ƙasa da tsarin lungunan. Akwai hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27. An fara masallacin a ƙarni na 16, an sake gina hasumiyar a 1844. Akwai fadar Sarki. Akwai gidan da Bajamushen nan Barth ya sauka a 1850. Gidajen talakawa ma suna ciki, don su ne garin.

Tun kafin haka Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997. An kuma yi wa tsohon gari ƙa'idar gini tasa, aka kafa ofishin kula da shi, wanda ake kira CECOGAZ. Abubuwan da aka ce suna ɓata tsohon gari an san su: bulon siminti, da rufin kwano, da wayoyin lantarki barkatai, da manyan tallace-tallace da ake zanawa a bango. Ana kuma duba tsayin gini, don kada ya tare hasumiya.

Wani zai ce: "Ai na ga maƙwabci ya yi da siminti, ba a taɓa shi ba." Akwai waɗanda suka yi. Laifin wani ba izini ba ne. Wani kuma zai ce dokar ta matsa wa talaka, don yaɓe kowace shekara kuɗi ne da wahala. Wannan magana tana da gaskiyarta, mazauna tsohon gari suna faɗin ta. Amma mai saye bai shiga ba tukuna. Shi yana da zaɓi. In siminti da kwano yake so, ga sababbin unguwanni. In kusa da masallaci da kasuwa yake so, ya shiga da sanin cewa da ƙasa zai yi gini, kuma zai riƙa yaɓe. Ginin ƙasa yana da ladansa: da bazara ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka a sabuwar unguwa kowa yana yin abin da ya so. A birni, gini sabo da babban ƙari suna bukatar takardar izinin gini. Dokar tsarin birane ta 2017 da dokar gini da mazauni ta 2018 suna kan wannan. A meri ake kai roƙo. Akan nemi takardar fili da zanen abin da za a gina. Ma'aikatan tsarin birni su duba: ginin ya tsaya cikin borni? Bai tare hanyar ruwa ba? Harsashi zai ɗauki bene? Wanda ya gina ba izini, ana iya tsayar masa da aiki, a ci shi tara, ko a sa shi ya rushe.

Ban da doka akwai haƙƙin maƙwabci. Benen da tagarsa take leƙa tsakar gidan wani, inda mata suke aiki, ba ya barin zaman lafiya. Wanda zai hau sama ya yi shawara da na kusa da shi tun bai sayi tubali ba.

Mai lambu bai tsaya ga maganar magini kaɗai ba. Ya je meri da kansa, ya je ofishin kula da tsohon gari. Ya faɗi unguwa, ya faɗi lungu, ya faɗi abin da yake so ya gina. Ya yi wannan tambaya tun gidan ba nasa ba ne. Amsar da ya samu ita ta nuna masa kuɗin da gidan ya cancanta a wurinsa. Ɗaki biyu na ƙasa a bayan tsakar gida, wannan abu ne da za a iya nema wa izini. Benen siminti da kwano kuwa, ya cire shi daga ransa. Buhunan albasa sai ya kama musu haya kusa da tasha.

Ranar biya

In an daidaita, kada a ba da kuɗi a zaure daga mai saye sai dillali. Hausawa sun hana cinikin biri a sama. A rubuta takardar ciniki. A sa sunan mai saye da na mai sayarwa kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa. A sa unguwa, da lambar fili in akwai, da girmansa, da kuɗin, da lambobi da kuma haruffa. Shaidu su sa hannu. Wanda ya fi son kwanciyar rai ya yi cinikin a gaban notar, wato ma'aikacin da doka ta ba ikon rubuta ciniki. La'adar dillali a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya.

In an ba da kafin alƙalami, a rubuta sharaɗi: in awo ya saɓa wa takarda, ko wani magaji ya ƙi, kuɗi su dawo.

A duba takardun lantarki na NIGELEC da na ruwa. Tun farkon 2024 kamfanin NDE ne yake sayar da ruwan famfo a birane. Bashin da yake kan kwantar gida, sabon mai gida ne za a yanke wa. A tambayi harajin gida ma. In akwai ɗan haya a ciki, a san ranar fitarsa.

Bayan biya akwai sauran aiki ɗaya: a canza suna. Takardar da take ɗauke da sunan tsohon mai gida, a littafin hukuma gidan nasa ne har yanzu. In ya rasu, magadansa suna iya tasowa. Mutane da yawa suna barin wannan aiki don gudun kuɗin rajista. Ƴaƴansu ne suke biya daga baya.

Mai lambu ya ce a rage masa kuɗin azara huɗu da na sake yaɓen bangon gaba. Babban ɗa ya yarda. Magada biyar sun sa hannu. Ɗaya tana aure a Arlit, an aika mata. Ɗaya yana Libiya, ana neman lambarsa. Dillali yana ta matsawa a biya rabi. Mai lambu ya ce kuɗinsa suna nan, ba za su ruɓe ba. Ya sallami mai awo, ya sallami tsohon magini, ya hau mota ya koma Tabelot, don lokacin dashen albasa ya yi.

Tambayoyi da lissafi don cibiya

1. Me ya sa mai lambu bai yi murna ba da gidan farko ya fi takarda girma?
2. Takarda ta ce fili mita 25 ne da mita 20. An auna an sami mita 25 da mita 18. Murabba'in mita nawa suka ɓace?
3. Azara ɗaya, a ce, jaka 6 ce. Magini zai karɓi jaka 15. Nawa za a kashe a canza azara 4?
4. Mace ɗaya cikin magada ba ta sa hannu ba. Me zai iya faruwa ga mai saye bayan shekara biyar?
5. A ƙauyenku, wa ake kira in za a sayar da lambu? Wace takarda ake rubutawa?